Kogi Ɗaya, Muradu Goma Sha Bakwai: Wa Ke Biyan Kuɗin Ci Gaban Wani?



 An nemi in yi magana a kan muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya, musamman inda suke taimakon juna da inda suke cin karo da juna. Batun yana da faɗi, kuma idan aka bar shi a faɗinsa za mu watse ba mu kama komai ba. Saboda haka zan ɗan taɓa asalinsa, sannan mu gangara bakin Kogin Haɗeja mu daɗe a can.

A watan Satumba na 2015 ƙasashe 193 suka amince da waɗannan muradu a birnin New York. Guda 17 ne, a ƙarƙashinsu akwai ƙudurori 169, aka kuma sa 2030 a matsayin wa'adi. Sun gaji muradun ƙarni guda 8 da aka yi aiki da su daga 2000 zuwa 2015. Mu 'yan Najeriya ba baƙi ba ne a wajen tsara su, domin Hajiya Amina Mohammed ce mai ba Babban Sakataren Majalisar na lokacin, Ban Ki-moon, shawara a kan wannan aiki kafin ta zama Ministar Muhalli, daga baya kuma Mataimakiyar Babban Sakatare. A jerin akwai kawar da talauci da yunwa, akwai lafiya da ilimi, akwai ruwa da makamashi da aikin yi, akwai kare yanayi da dazuzzuka da teku, akwai zaman lafiya. Babu wanda zai karanta ya ce ga wanda ba ya so. Sai dai rahoton da Majalisar ta fitar da kanta a 2024 ya ce kashi 17 cikin 100 na ƙudurorin ne kawai ke kan hanyar cika.

Akan ɗora laifin a kan rashin kuɗi, da annobar korona, da yaƙe-yaƙe, kuma duk gaskiya ne. Amma akwai wani dalili da ba a son faɗa a wuraren taro irin wannan: wasu muradun suna neman abu ɗaya ne a lokaci ɗaya, kuma abin bai isa ba. Masana sun lura da haka tun da wuri. A 2016 wasu masu bincike uku, Nilsson da Griggs da Visbeck, suka kawo wani ma'auni mai hawa bakwai a mujallar Nature, wanda ya tashi daga inda muradi biyu ba sa rabuwa ya sauka har inda ɗaya ke kashe ɗaya. A 2017 kuma Pradhan da abokan aikinsa suka bi alƙaluman ƙasashen duniya, suka ga yaƙi da talauci shi ne ya fi tafiya tare da sauran, muradi na 12 kuwa, na taƙaita ɓarna a sarrafa kaya da amfani da su, shi ya fi yawan karo da su. Wannan aiki yana da amfani, amma alƙaluman ƙasa guda sukan haɗa mai riba da mai asara su raba biyu, sai a ga kamar kowa lafiya. Kogi ba ya ɓoye wannan.

Kogin Kano da Kogin Chalawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Yana wuce garin Haɗeja sai ƙasa ta shimfiɗe, ruwan ya rasa gangara, ya rarrabu zuwa rassa yana ratsa tsakanin tsofaffin tuddan rairayi. Daga kudu Kogin Jama'are ke tahowa daga tsaunukan Jos. Su biyun sukan haɗu a kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke bin iyakar Najeriya da jihar Diffa ta Nijar har Tafkin Chadi. Wannan shimfiɗa da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa ita ce fadamar da nake nufi.

A da, abin da ke raya ta shi ne ruwa ya zo kuma ya tafi. A watan Agusta zuwa Satumba kogi ya cika ya malala, a shuka shinkafa, kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa. Ruwa na janyewa masunta su samu kamu, manomi ya bi danshin da aka bari ya shuka wake da dawa da kayan lambu. Rani na tsananta Fulani su iso da shanu, ga ciyawa ga mashaya, su bar taki a gona. Ruwan da ya kwanta kuma yana nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyin garuruwan da ko ganin kogin ba sa yi. Fili ɗaya, sana'a huɗu ko biyar a shekara, kowa da lokacinsa. Ga kuma tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a Dagona da Tafkin Nguru, waɗanda saboda su ne Tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. In da mutanen wannan fadama za su cike takardar muradun nan, da sun yi maki a na 1 (talauci) da na 2 (yunwa) da na 6 (ruwa) da na 8 (aikin yi) da na 15 (dazuzzuka) ba tare da an kashe musu ko sisi ba.

Sai aka gina Madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. A nan ina so a fahimce ni da kyau, don akwai masu magana a kan muhalli da ke zagin madatsun ruwa kamar waɗanda suka gina su mahaukata ne. Ba haka ba ne. An gina Tiga ne ana cikin farin da ya halaka dabbobi ya tarwatsa ƙauyuka a farkon shekarun 1970. Shugaban da ya ga wannan da idonsa, ya kuma ga ruwa na wucewa a damina, dole ya yi tunanin tare shi. Kuma abin ya yi amfani. Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano ya ga Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure a tsakiyar rani ya san me nake faɗa: shinkafa, tumatir, albasa, alkama, masara, matasa cike da gonaki a watan da da can sai ci-rani. Kasuwar shinkafar Kura 'yar Tiga ce. Famfon birnin Kano ma daga waɗannan koguna yake sha, ta matatun ruwan Tamburawa da Chalawa. Aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, aka ƙara Madatsar Chalawa a 1992. Idan ka tsaya a Kura ka auna, yunwa ta ragu, aikin yi ya ƙaru, birni ya samu ruwan sha.

To amma ka je ka tsaya a Guri ko Kirikasamma ko Nguru ka sake aunawa. Madatsun biyu suna riƙe da mafi yawan ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Malalen damina ya ragu sosai. Filin da ruwa ke rufewa ya koma ƙasa da rabin abin da aka sani a shekarun 1960 da farkon 1970. Ba duka ne laifin madatsa ba, fari na shekarun 1980 yana da nasa kaso. Sai dai akwai ɓarnar da fari ba zai iya yi ba, madatsa ce kaɗai ke yin ta, wato sauya wa ruwa lokaci. Madatsa tana rage ruwan damina, ta riƙa sakin kaɗan-kaɗan duk shekara saboda masu noman rani. Rassan kogin da suka saba bushewa ƙurmus a bazara suka daina bushewa. Ambaliya mai ƙarfi da ke share musu laka ta daina zuwa. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya yankewa: abin da ciyawar kacalla ke so ke nan.

Wanda bai je ya gani ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Kacalla takan fi mutum tsawo, ta yi kauri har kwalekwale ba ya ratsawa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara laka, ruwan ya karkata ya taru a reshen Marma da ke zuwa Nguru. Sai aka wayi gari wani yanki ruwa ya cinye masa gona da makiyaya shekara da shekaru, wani yanki kuma, a reshen Burum Gana da tsohon Kogin Haɗeja, yana kallon busasshen kwari. Ruwan Haɗeja da ke isa Gashuwa ya zama ɗan kaɗan. Masunci ya rasa wurin jefa taru. Tsuntsun jan-baki ya samu wurin kwana da sheƙa a cikin kacallar, yana fita da safe ya sauka a kan shinkafa da gero, manomi da 'ya'yansa suna yini suna kora da gwangwani. Ku lura da wannan yaron da ke korar tsuntsu: ba ya aji. Muradi na 4, na ilimi, ya shigo ta bayan gida. Sauro ya samu ruwa kwance, dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya ma haka, a magudanan noman rani na sama da kuma a fadamar ƙasa; muradi na 3, na lafiya, ke nan. Makiyayi da ya tarar da mashayarsa ta zama kacalla, burtalinsa ya zama gonar rani, ina zai bi da shanu? Rikicin da ke biyo baya shi ne muradi na 16, na zaman lafiya, kuma ba sai na ba ku labarinsa ba.

An yi lissafin wannan asara, ba zato ba ne. Tun 1987 akwai shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru, kuma a ƙarƙashinsa masana irin su Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka auna abin da fadamar ke bayarwa na noma da su da itace, suka kwatanta da abin da noman ranin Kogin Kano ke bayarwa. Da aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadamar ta ninka shi nesa ba kusa ba. A 1998 Barbier da Julian Thompson suka duba me zai faru idan aka gina dukkan madatsu da filayen noman da aka tsara, suka ga ƙarin ribar da za a samu a sama ba za ta kai kashi ɗaya cikin biyar na asarar da za a yi a ƙasa ba. Kuma wannan lissafi bai sa kiwo da cikar rijiyoyi a ciki ba.

Me ya sa to aka ci gaba? A ganina amsar ba ta ilimin ruwa ba ce. Ribar noman rani a tare take, ana ganinta daga kan titi, tana da ofis da injiniya da kasafin kuɗi, ana iya kai baƙo ya ɗauki hoto. Ribar fadama a warwatse take: busasshen kifi a kasuwar ƙauye, ƙwaryar nono, damin itace, rijiyar da ba ta ƙafe ba. Babu mai rubuta su. Sannan mai riba yana jihar Kano, mai asara yana Jigawa da Yobe da Borno da Diffa. Kowace jiha za ta kai rahotonta Abuja, kowace ma'aikata ta ce ta cika nata muradi, kuma kowa gaskiya ya faɗa. Ma'aikatar noma ba ta ƙirga kifi, ma'aikatar lafiya ba ta san ranar da za a saki ruwa ba. Hausawa na cewa wanda ya fi kusa da wuta shi ya fi jin zafinta, amma a sha'anin kogi na nesa da madatsa ne ke ƙonewa.

Kada a ce wannan halin mu ne kaɗai, kuma kada a ɗauka kullum masu neman abinci ne ke cutar da muhalli. Wani lokaci akasin haka ne. A watan Afrilu na 2021 Shugaba Gotabaya Rajapaksa na Sri Lanka ya hana shigo da takin zamani rana ɗaya, da sunan mayar da ƙasar kan noma marar sinadari, ko da yake ƙarancin kuɗin waje ma na ciki. Shinkafa ta faɗi, ganyen shayin da suke sayarwa duniya ya faɗi, kafin shekara ta ƙare aka janye dokar, a watan Yuli na 2022 shi kansa ya tsere daga ƙasar. Mu ma a gida mun gani. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 abu ne da masu kare yanayi da masu lissafin kasafi suka daɗe suna nema, kuma yana cikin ƙudurorin muradi na 12 ƙarara. Amma da kuɗin sufuri da na makamashi suka tashi, Naira ta faɗi, matan da suka fara girki da iskar gas da yawa sun koma gawayi, gawayin kuwa daga daji yake zuwa, hayaƙinsa kuma a ƙirjin mai girki yake sauka.

Ga wani da ke tafe, wanda nake roƙon ɗalibanmu na aikin gona su sa masa ido. Tsadar fetur ta sa masu noman rani suna komawa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Abin farin ciki ne: babu hayaƙi, babu kuɗin mai, ribar manomi ta ƙaru. Sai dai kuɗin fetur ɗin nan shi ne ke sa manomi ya kashe inji idan gona ta ƙoshi. Rana kuwa kyauta ce. A jihar Punjab ta Indiya, inda aka ba manoma wutar ban ruwa kyauta, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta zurfi har ƙananan manoma suka kasa biyan kuɗin ƙara haƙa. Fadamar da malalenta ya ragu, sannan aka cika ta da injinan da ba a kashewa, an rage mata shiga an ƙara mata fita.

Kar in bar ku da karo kawai, domin akwai inda muradun ke jan juna gaba, kuma misalin da ya fi burge ni yana Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma a can suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututturen itatuwan da aka sare, su zaɓi masu ƙarfi su gyara su, maimakon a share gona tas. Sassaben zamani ke nan, wanda Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa daga 1983. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta haka ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo, kamar yadda kowa ya sani, yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa abincin dabbobi ne a rani. Hatsi ya ƙaru, iska ta daina binne shuka, mace ta samu itacen girki a gonar gida ba sai ta yi tafiyar yini ba. Abin lura shi ne aikin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ma'aikacin daji ba zai ci shi tara don ya sari reshe ba. A nan wanda ya yi wahala shi ne ya ci riba, a gona ɗaya. A Kogin Haɗeja kuwa mai cin riba daban, mai biya daban, tsakaninsu tafiyar kwanaki ce ta ruwa. Wannan, a fahimtata, shi ne ke raba inda muradu ke haɗuwa da inda suke faɗa, fiye da duk wani jadawali da za a zana a takarda.

Shin ana iya gyarawa ba tare da an rushe Tiga ba? Ana iyawa, kuma maƙwabtanmu sun gwada. A arewacin Kamaru an gina Madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa, fadamar Logone da ke kusa da gandun dajin Waza ta bushe, kifi da kiwo suka durƙushe. A 1994 aka buɗe wata kafa a jikin ganuwar da ta tare ruwa, aka mayar da malale a wani sashe, ciyawa mai kyau ta dawo, kifi ya dawo, makiyaya suka dawo. Ba a rufe gonakin shinkafa ba. Abin da masana suka daɗe suna ba da shawara a kan Tiga da Chalawa kusan haka ne: a saki ruwa mai yawa a lokacin damina don a kwaikwayi malalen da, a kuma rage na rani har rassan kogin su samu bushewa, tunda kacalla ba ta jure bushewa. Wannan yana da nasa farashi, kuma ba zan ɓoye ba. Dole masu noman rani su rage ɓarnar ruwa, a gyara magudanan da ke yoyo, a daina barin ruwa na kwarara dare da rana. Dole a yashe hanyoyin ruwa kafin a saki, a kuma sanar da garuruwan bakin kogi a kan lokaci, don mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja sun sha ambaliya kuma suna da hujjar jin tsoro. Yanzu ga wutar lantarki da jihar Kano ke son samu daga madatsun biyu. Injin wuta yana son ruwa daidai wa daida kullum, fadama kuwa tana son a cika ta sannan a ƙyale ta. Muradi na 7, na makamashi, ya zo neman nasa kaso.

Akwai wurin da ya kamata a yi wannan ciniki. A 2006 gwamnonin jihohi shida da ke cikin wannan kwari, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka amince a Damaturu da tsarin kula da ruwan tare, aka kafa asusun amana. Ƙuduri na 6.5 na muradun nan ma abin da ya nema ke nan, a sarrafa ruwa bisa kwarin kogi gaba ɗaya, har da ƙetaren iyaka. Abin da nake ganin ya rage shi ne kujera mai ƙarfi ga sarkin ruwa da arɗo da manomin fadama, ba ta zuwa a sha lemo a tafa ba, kujerar da za ta iya cewa a'a ga jadawalin sakin ruwa. Sai kuma a dawo da auna ruwa a tashoshin kogi ana bugawa kowa ya gani, don gardamar da babu alƙaluma mai babbar murya ne ke cinye ta.

Gwajin yana nan tafe a Kafin Zaki. Shekaru da dama ana ta maganar gina madatsa a can a kan Kogin Jama'are. An fara, an tsaya, an sake tayar da maganar. Mutanen Bauchi suna so, kuma hujjarsu irin ta Kano ce a 1974: ga ruwa na wucewa, ga matasa ba aiki. Mutanen Yobe da Borno suna adawa, domin Jama'are ne kogin da ya rage ba a tare ba, kuma yanzu shi ke kawo mafi yawan ruwan da ke wuce Gashuwa zuwa Geidam da Diffa, inda manoman barkono da masunta ke jira. Duk ɓangarorin biyu za su iya ɗaga takardar muradun ci gaba mai ɗorewa su nuna layin da ke goyon bayansu. Idan za a gina, ni dai sharaɗina shi ne a rubuta yawan ruwan da za a riƙa saki da watan da za a sake shi kafin a zuba siminti, a sa ƙofofi masu girman da za su iya fitar da malalen damina, kuma mutanen ƙasan kogi su sa hannu a yarjejeniyar, har da na Nijar.

Shugaban zama, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. A cikinmu akwai waɗanda suka zo daga Kura da waɗanda suka zo daga Nguru, kuma zan so a fara ba su dama a lokacin tambayoyi.